DABARUN SA ALLURAR ƘARIN RUWA A JIJIYA

A cikin ayyukan da ake yi wa majinyata a asibiti, da wuya a sami wanda ake yawan maimaitawa kamar sa allurar ƙarin ruwa. Mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, da direban da aka ɗauko daga wurin haɗari, da wanda amai da gudawa suka tsotse, dukkansu ta wannan 'yar ƙofa ce ruwa da jini da magani suke shiga jikinsu. An ƙiyasta cewa ana sa irin wannan allura fiye da miliyan 1,000 kowace shekara a duniya. Amma duk da yawan yinta, bincike-binciken da aka tattara daga asibitoci dabam-dabam sun nuna cewa kashi 35 zuwa 50 cikin 100 sukan lalace tun ba a gama buƙatarsu ba, watau su toshe, ko su zame daga cikin jijiya, ko kuwa wurin ya kumbura har a cire a nemi wani.

A ɗakunan kwanciya akan ji masu jinya suna cewa wance tana da hannu, sau ɗaya take sokawa ta dace, wane kuwa sai ya huda mutum wuri uku ko huɗu. Sukan ɗauki abin kamar baiwa ce ko sa'a. Lalle yau da gobe tana ƙara wa hannu sabo, amma waɗanda suka ƙware a wannan aiki wani tsari sananne suke bi, wanda ake koyarwa a makarantun aikin jinya da na likita, kuma mafi yawan wannan tsari yakan ƙare tun kafin allura ta taɓa fata. Dalilin da ya sa aka damu da dacewa a karon farko shi ne, jijiyoyin da suka dace da wannan aiki a jikin mutum ƙidayayyu ne, kuma duk wadda aka fasa ta fita daga lissafi na 'yan kwanaki, alhali mai yiwuwa ne majinyacin ba shi da waɗannan 'yan kwanakin.

Daga Gashin Tsuntsu Zuwa Roba

Tun da wani likitan Ingila mai suna William Harvey ya bayyana a shekarar 1628 cewa jini kewayawa yake yi, ya fita daga zuciya ya koma zuciya, masana suka fara tunanin cewa abin da aka zuba a jijiya ɗaya zai kai ko'ina cikin jiki. A shekarar 1656 Christopher Wren ya gwada haka, inda ya ɗaura karan gashin tsuntsu a bakin mafitsarar dabba, ya ɗura wa kare magani ta jijiya.

Annobar kwalara ce ta mayar da wannan gwaji hanyar ceton rai. A shekarar 1832, sa'ad da cutar ta auka wa Birtaniya, wani likita a garin Leith na ƙasar Sikotland, Thomas Latta, ya ɗura ruwan gishiri a jijiyar wata dattijuwa da aka riga aka fid da rai da ita. Nan take bugun jininta ya dawo, ta farfaɗo. Daga baya gudawar ta komo mata, ba a sake yi mata ƙarin ba, ta rasu. Waɗansu daga cikin waɗanda ya yi wa bayanta sun rayu. Duk da haka an yi watsi da dabarar shekaru da dama, domin a lokacin ba a san ƙwayoyin cuta ba, balle a san yadda za a tsabtace ruwan da kayan aikin.

Ko da aka koma ga ƙarin ruwa, allurar ƙarfe ce ake bari a jijiya, da majinyaci ya motsa sai ta huda ta fita. A shekarar 1950 ne wani likitan sa barci a asibitin Mayo da ke Amurka, David Massa, ya sanya wa allurar ƙarfe riga ta siririyar roba. Wannan ita ce kakar abin da ma'aikatan asibiti suke kira kanula a yau. Ƙarfen aikinsa kawai ya huda fata da bangon jijiya, sa'an nan a zare shi a jefar, roba mai taushi ita ce take zama a ciki. Saboda haka majinyacin da ya ƙi motsa hannunsa kwana uku don tsoron kada allura ta karye a jikinsa, sai ya kwantar da hankalinsa.

Kalma Ɗaya, Abubuwa Huɗu

Bahaushe yakan kira abubuwa huɗu da suna ɗaya, watau jijiya, amma mai sa kanula dole ne yatsansa ya san bambancinsu. Ta farko ita ce jijiyar da take mayar da jini zuwa zuciya, wadda ita ce ake nema. Tana kusa da fata, bangonta siriri ne, in an danna ta takan lotsa, in an sake ta ta ciko, kuma ba ta harbawa. Ta biyu ita ce jijiyar da take fito da jini daga zuciya. Wannan tana harbawa a ƙarƙashin yatsa, in an huda ta jininta ja wur ne, yana tsartuwa. Ta uku ita ce jijiyar da take ɗaukar saƙon ji da motsi tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Ba a cika jinta da yatsa ba, amma in allura ta taɓa ta, majinyaci zai ji kamar wutar lantarki ta ja shi har yatsu. Ta huɗu ita ce agara, wadda take haɗa tsoka da ƙashi. Tana da tauri kamar igiya, ba ta lotsawa, kuma takan motsa in an motsa yatsu.

Wannan ya sa malaman wannan fanni sukan ce yatsa ya fi ido. Maganar ta fi ƙarfi a ƙasashen baƙar fata, inda sau da yawa ba a ganin launin jijiya ta cikin fata, balle a hannun matar da ta sha lalle. Jijiyar da ake ji da yatsa ko ba a ganinta ta fi wadda ake gani amma ba a jinta, domin ta biyun galibi siririya ce mai saurin fashewa. Har ila yau a cikin jijiyoyin mayar da jini akwai waɗansu 'yan marufai da suke hana jini komawa baya. Akan ji su kamar ɗan ƙulli a jikin jijiya. Ana guje musu, kuma kullum bakin kanula yana fuskantar wajen zuciya ne, yadda jinin yake tafiya.

Zaɓen Wuri

Ga babban mutum, wurin da aka fi so shi ne sangalin hannu, watau tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, domin jijiyoyinsa miƙaƙƙu ne, kuma ƙasusuwan wurin sukan zama kamar karan ɗori su hana kanula lanƙwashewa. Sai kuma bayan tafin hannu. Manyan jijiyoyin da suke lanƙwasar gwiwar hannu suna da sauƙin samu, shi ya sa ake garzaya musu in ana gaggawa, amma ba su dace da dogon zama ba, saboda duk sa'ad da majinyaci ya naɗe hannu sai robar ta toƙare, ruwa ya tsaya. Bugu da ƙari babbar jijiya mai harbawa tana wucewa ta gefen ciki na wannan wuri. Cikin wuyan hannu kuwa, inda ake jin bugun jini, ana ƙaurace masa saboda zafinsa da yawan jijiyoyin ji da suke wurin.

Ana farawa daga ƙasa a yi sama. In an fara daga sama aka fasa, duk ruwan da aka sa daga ƙasa a wannan jijiya zai iya yoyo ta inda aka fasa. In da hali, akan zaɓi hannun da mutum ba ya cin abinci ko rubutu da shi.

Akwai kuma wuraren da ba a taɓawa sai da larura ƙwarai: fatar da ta ƙone ko take da gyambo, hannun da ya shanye, hannun da aka yi wa aiki domin wankin ƙoda, da hannun ɓangaren da aka cire wa mace kaluluwar hammata saboda sankarar mama. Ƙafar babban mutum ma ana gudunta, musamman mai ciwon suga, domin jini ya fi saurin daskarewa a can kuma rauni ba ya saurin warkewa. Mai ciwon ƙoda akan tattala masa jijiyoyin sangalin hannu, don wata rana da su za a yi masa hanyar wankin ƙoda. Haka kuma mai sikila, wanda zai yi ta komawa asibiti tsawon rayuwarsa, kowace jijiya tasa dukiya ce.

Abin Da Launi Yake Nufi

Kanula girma-girma ce, kuma kowane girma da lambarsa da launinsa, iri ɗaya a duk duniya. Abin lura shi ne, gwargwadon ƙanƙantar lamba gwargwadon kaurin kanula. Lamba 14 ruwan goro ce, 16 ruwan toka, 18 koriya, 20 ruwan hoda, 22 shuɗiya, 24 kuma ruwan ɗorawa. Ruwan da kowace take iya wucewa da shi a minti ɗaya yana rubuce a jikin takardarta, kuma yakan ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma a ƙiyasce mai ruwan toka takan kai mililita 180, koriya 90, mai ruwan hoda 60, shuɗiya 35, mai ruwan ɗorawa kuma wajen 20.

Ƙa'ida ita ce a ɗauki mafi ƙanƙantar kanular da za ta biya buƙata, domin wadda ta cika jijiya maƙil takan hana jini wucewa ta gefenta, ta kuma goge bangon jijiyar har ya kumbura. Mai karɓar magani sau uku a yini, mai ruwan hoda ko shuɗiya ta ishe shi. Amma inda ake tseren ceton rai, lissafin yakan juya.

Kwalara ta isa misali. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen shekarar 1970, a 1991 ta kama mutum fiye da 59,000 ta kashe fiye da 7,000, a 2021 kuma an ba da rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, mafi yawansu a jihohin Arewa. Ga wanda ruwan jikinsa ya ƙare ƙwarai, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a ba shi mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa, kuma in ya wuce shekara ɗaya da haihuwa, a ba da 30 na farko cikin minti 30, ragowar 70 cikin awa biyu da rabi. Ke nan mutum mai kilo 60 yana buƙatar lita 6 cikin awa 3, daga ciki mililita 1,800 a rabin awar farko, watau 60 kowane minti. Shuɗiyar kanula ba za ta iya wannan ba ko an buɗe ruwan gaba ɗaya. Sai koriya ko mai ruwan toka, wani lokaci ma a hannu biyu. Haka abin yake ga mai haihuwar da jini ya ɓalle mata.

Fito Da Jijiya

Jijiya takan ɓuya saboda dalilai uku: sanyi, tsoro, da ƙarancin ruwa a jiki. Na farko da na biyu suna da magani nan take. A lokacin hunturu, in an naɗe hannun majinyaci da tawul mai ɗumi na 'yan mintoci, jijiyoyin da ba a ji da farko sukan taso. Haka nan yi masa magana mai daɗi, da gaya masa abin da za a yi da neman yardarsa, da zaunar da shi ko kwantar da shi, duk suna cikin aikin, domin fargaba takan tsuke jijiyoyin fata.

Sa'an nan a saukar da hannun ƙasa da ƙirji don jini ya taru, a ɗaura robar ɗaure hannu kimanin faɗin yatsu huɗu ko biyar sama da inda za a soka. Ɗaurin ya zama ya tare jinin da yake komawa, amma bai tare wanda yake shigowa ba. Alamar haka ita ce a ci gaba da jin bugun jini a wuyan hannu. In an matse har bugun ya ɓace, jijiyar ba za ta cika ba. Majinyaci ya dunƙule hannu ya buɗe sau kaɗan, ma'aikaci kuma ya shafa jijiyar ko ya ɗan ƙwanƙwasa ta a hankali. Marin hannu da ƙarfi da waɗansu suke yi ba ya ƙara komai sai zafi. Tsofaffi masu sirarar fata akan sassauta musu ɗaurin, don jijiyarsu takan fashe in ta cika da yawa.

Wanda ya ɓata minti biyar yana dubawa a hannu biyu kafin ya buɗe kanula, galibi yakan riga wanda ya soka jijiyar farko da ya gani gamawa.

Tsabta

Kanula hanya ce daga waje kai tsaye zuwa cikin jini, kuma ƙwayar cutar da take zaune lafiya a kan fata, in ta bi wannan hanya takan zama ajali. Saboda haka ma'aikaci yakan wanke hannu, ya sa safar hannu, ya goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wanda aka fi yarda da shi ga manya shi ne haɗin kuloheksidin kashi 2 cikin 100 a cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70. In babu shi, sifirit ɗin ko aidin suna yi. Ana gogewa kamar daƙiƙa 30, a bari ya bushe da kansa, ba a hura masa iska da baki, ba a share shi da auduga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gama gogewa sa'an nan a sake kai yatsa don a tabbatar jijiyar tana nan. In an yi haka, sai a sake gogewa daga farko.

Sokawa

Jijiya ba a ɗaure take ba, takan mirgina gefe in allura ta tura ta. Don haka ma'aikaci yakan sa babban yatsan ɗaya hannunsa ƙasa da wurin, ya ja fatar ta miƙe, kuma ba ya sakinta sai robar ta gama shiga.

Bakin allura a karkace aka fiƙe shi, kamar bakin alƙalamin kara. Gefen da aka fiƙe shi ne yake kallon sama. Ana shiga a kwance-kwance, tsakanin digiri 10 zuwa 30, gwargwadon zurfin jijiyar: ta kusa da fata a ƙara kwantar da allura, mai zurfi a ɗan ɗaga. Da bakin ya shiga jijiya, sai a ga ɗigon jini ya bayyana a ɗan kwarmin da yake bayan kanula.

A nan ne mafi yawan masu koyo suke faɗuwa. Bakin ƙarfen ya ɗan fi robar tsawo, saboda haka sa'ad da jinin farko ya bayyana, ƙarfen ne kawai ya shiga, robar tana waje tukuna. Wanda ya yi ɗoki ya tura robar a wannan lokaci, sai ta tokare da bangon jijiya ta lanƙwashe. Wanda kuma ya ci gaba da turawa a tsayen da ya shigo, sai ya huda ɗaya bangon ya fita ta ƙasa, wuri ya kumbura da jini. Abin da ake yi shi ne a kwantar da allurar kusan daidai da fata, a ƙara tura ta milimita 2 ko makamancin haka, sa'an nan a riƙe ƙarfen cik a zurara robar ita kaɗai har ƙarshenta. In tana cikin jijiya, za ta tafi sumul, kuma za a ga jini ya biyo ta cikin robar. In ta ƙi, ba a tilasta mata.

Akwai doka guda da ba ta da togaciya: ƙarfen da aka riga aka ja baya ba a sake mayar da shi cikin robar, domin yana iya yanke guntunta ya bi jini. Haka kuma in majinyaci ya ce ya ji kamar lantarki, ko aka ga jan jini yana tsartuwa, sai a zare nan da nan, a danne wurin sosai.

Da robar ta zauna, sai a kwance ɗaurin hannu, a danna jijiyar gaba da inda robar ta ƙare don kada jini ya zubo, a zare ƙarfen a jefa shi cikin akwatin allurai. Sa'an nan a ɗura ruwan gishiri kaɗan da sirinji. In ya shiga ba tare da turjiya ko zafi ko kumburi ba, an dace. Igiyar ledar ruwa kuwa akan cika ta da ruwa tukuna don a kore iska kafin a jona. Daga nan sai a manne kanular da filasta mai tsabta yadda ba za ta yi motsi ba, a bar mashigarta a fili don a riƙa gani, a rubuta ranar da aka sa.

Idan An Kasa

Ƙa'idar da ƙungiyoyin wannan sana'a suka shimfiɗa ita ce, kada mutum ɗaya ya wuce gwaji biyu, kuma kowane gwaji da sabuwar kanula. In ya kasa sau biyu, ya kira wanda ya fi shi. Wannan ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne a ɓata wa na gaba duk jijiyoyin da zai iya samu.

Jarirai da ƙananan yara su ne suka fi wuya. Ban da bayan hannu, akan nemi jijiyoyin ƙafa da na fatar kai. Akwai wata jijiya da take wucewa ta gaban idon sawu na ciki, wadda kusan kullum tana wurinta ko ba a ganinta. Haska ƙaramar fitila marar zafi ta ƙarƙashin tafin jariri yakan nuna jijiyoyi kamar baƙin zare. Riƙe yaro da kyau rabin aikin ne, kuma shayar da jariri nono a lokacin yana rage masa zafi.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara amfani da na'urar nan ta ɗaukar hoton ciki wajen neman jijiyoyi masu zurfi a hannu. A fuskar na'urar, jijiyar mayar da jini takan lotse in an danna, mai harbawa kuwa ba ta lotsewa, kuma ana iya bin bakin allura da ido har ya shiga. An tabbatar tana taimakawa ƙwarai ga masu ƙiba da waɗanda jijiyoyinsu suka ƙare. Akwai kuma fitilu na musamman masu zana jijiya a kan fata, sai dai gwaje-gwajen da aka yi ba su haɗu a kan cewa suna ƙara dacewa a karon farko ba.

In rai yana gab da fita kuma jijiya ta gagara, akwai hanyar ƙashi. Ana soka wata allura mai ƙarfi a shimfiɗaɗɗen gefen ƙashin ƙwauri, ƙasa kaɗan da gwiwa, har cikin ɓargo, wanda ba ya lotsewa komai ƙarancin ruwan jiki. Ruwa da jini da magani duk suna bi ta nan, kafin a sami jijiya a cire, galibi cikin awa 24.

Bayan An Sa

Aiki bai ƙare da manna filasta ba. Ana duba wurin a kowane canjin aiki, da duk lokacin da za a ba da magani. Kumburi da sanyin fata alama ce ruwa yana zuba a cikin tsoka. Ja da zafi da tauri a bin jijiya alama ce bangonta ya harzuƙa. Waɗansu magunguna, irin na ciwon daji, in suka tsiyaya a waje da jijiya sukan cinye nama. Zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba ga mai kanula yakan sa a tuhumi kanular.

A da akan canza kanula duk bayan kwana 3 ko 4 ko da lafiyarta lau. A shekarar 2012 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Ostareliya a kan majinyata 3,283, wanda ya nuna cewa kumburin jijiya kashi 7 cikin 100 ne ga waɗanda aka canza musu bisa ƙidayar kwana, haka kuma kashi 7 ne ga waɗanda aka bar musu sai an ga dalili. Tun daga nan asibitoci da yawa suka koma ga canzawa in an ga alama, bisa sharaɗin ana dubawa a kai a kai. Wadda aka sa cikin gaggawa ba tare da cikakkiyar tsabta ba, ita akan sauya ta da wuri. Wadda kuwa aka daina amfani da ita, cire ta ake yi a ranar.

Shi ma ma'aikacin yana cikin haɗari. In allurar da ta shiga jikin mai ciwon hanta nau'in B ta soki wanda bai yi rigakafi ba, yiwuwar kamuwarsa takan kai kashi 6 zuwa 30 cikin 100. Ga nau'in C kimanin kashi 2 ne, ga ƙanjamau kuwa kimanin 3 cikin 1,000. Zazzaɓin Lassa ma, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, ma'aikatan jinya ne aka fara sanin ya kashe. Don haka ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi aiki da ita, kuma wanda ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya kai rahoto nan da nan, domin maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Hakkin Da Yake Kan Kowa

Ba kowane marar lafiya ne yake buƙatar ƙarin ruwa ba. Mafi yawan masu gudawa, har da masu kwalarar da ba ta yi tsanani ba, ruwan gishiri da suga na sha ya ishe su, kamar yadda likita Dilip Mahalanabis ya nuna a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash a 1971. Al'adar nan ta zuwa kemis a nemi a rataya wa mutum leda don ya ji kasala, tana jefa shi cikin duk haɗurran da aka lissafa ba tare da wata riba ba. Wannan aiki na wanda aka horar ne, a wurin da aka tanada dominsa.

Mai jinya da yake zaune a gefen gado shi ne ya fi kowa daɗewa yana kallon hannun. Kada ya taɓa maƙunnin ruwa don ya ƙara masa gudu ko ya rage, kada ya bar filasta ta jiƙe, kuma da ya ga kumburi ko ya ji majinyaci yana kukan zafi a wurin, ya sanar da ma'aikaciyar jinya.

Ɗalibin aikin asibiti kuwa kamata ya yi ya fara da hannun roba na koyo, sa'an nan ya yi a gaban malami sau da yawa kafin a bar shi shi kaɗai. Su kuma jami'an da sayen kayan asibiti yake hannunsu, ya kamata su san cewa kwali ɗaya na kanula mai girma ɗaya bai wadatar ba. Ɗakin haihuwa yana buƙatar masu ruwan toka da koraye, ɗakin yara yana buƙatar shuɗɗa da masu ruwan ɗorawa, kuma kowane ɗaki yana buƙatar safar hannu, da maganin goge fata, da akwatin zuba allurai, da fitila mai haske da dare. Ma'aikacin da ya fi kowa ƙwarewa ma, in aka ba shi kanular manya ya sa wa jariri a hasken wayar hannu, ba a yi masa adalci ba, kuma jaririn ne zai biya.